Sai-an-tura da ƙwallon da na ci da hannu

An haife ni a Sakkwato a 1981, shekarar da Gwamna Shehu Kangiwa ya faɗo daga kan doki a filin folo na Kaduna ya rasu. Inna takan ce ina goye a bayanta ta ji sanarwar a rediyo. Gidanmu yana cikin gari, ba nisa da Ƙofar Rini, kuma duk wanda ya tashi a layinmu a wancan zamani, ko ya manta kamannin mahaifina, ba zai manta motarsa ba.

Sana'ar Baba fata ce. Yakan bi kasuwannin ƙauye yana sayen fatun jar akuya, irin wadda aka san Sakkwato da ita tun lokacin da ayari ke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, ya kawo gari ya sayar wa majema da manyan dillalai. Don wannan aikin ya sayi motar. Fijo 504 ce doguwa, mai layin kujeru uku, irin wadda direbobin tasha ke jigilar Sakkwato zuwa Kaduna da ita. Haɗin Kaduna ce, inda aka fara harhaɗa Fijo a 1975. Ta hannu ya saye ta wurin wani ma'aikacin gwamnati, kuma kafin in yi wayo ta riga ta sha hanyoyin Gwadabawa da Illela da Wurno har ta gode Allah. Asalinta fara ce. Rana da ƙurar hunturu suka mayar da ita ruwan ƙasa.

Suna uku gare ta. Baba yana ce mata Hajiya. Inna tana ce mata kishiyata, don ta ce ba a taɓa yin watan da ba a kai ta wurin bakanike an kashe mata abin da ya fi kuɗin atamfa ba. Yaran unguwa kuwa suka sa mata Sai-an-tura, kuma wannan sunan ne ya bi ta. Batirinta ya tsufa, kik ba ya ɗauka, saboda haka kullum da dare Baba yakan ajiye ta a kan 'yar gangarar da ke ƙofar gida, ya tokare taya da dutse. Da safe mun taso daga makarantar allo sai ya leƙo ya ce, "Ku taho ku gaida Hajiya, ba ta tashi sai an gaishe ta." Mu jeru a bayanta mu tura, shi ya sa giya ta biyu ya saki kulos, ta yi tari sau biyu ta kama. Ladanmu shi ne ya ɗauke mu zuwa bakin titi mu dawo a ƙasa. Ba na jin a duk unguwar akwai yaron da bai taɓa sa hannu a bayan motar nan ba.

Ƙofar baya ta dama ba ta buɗuwa sai daga waje. Mariƙin sauke gilashi guda ɗaya ya rage, shi ake miƙawa daga hannu zuwa hannu, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wanda ya riƙe mariƙin nan shi ne sarki. Ga warin fata da ya kama kujeru. In za a kai su Inna biki, sai ta sa a shiga da kasko a turara motar tun da hantsi, amma duk da haka in suka sauka sai ƙawayenta su ce ga matan majema sun iso. A but kuwa ba a rasa abu huɗu: jarkar ruwa don lagireto, buta, tabarma, da tsohon fambel. Duk da wannan, ban taɓa jin ta kwana da Baba a daji ba. Yakan ce Fijo ba ta cin amana, sai dai ta yi shagwaɓa.

Shekarar 1994 ita ce shekarar da ƙwallo ta shiga jinin yaran ƙasar nan. A watan Afrilu Najeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya, ta doke Zambiya 2-1, Amunike ya ci duka biyun. A watan Yuni aka tafi gasar duniya a Amurka, karo na farko a tarihinmu. Wasannin da dare suke zuwa mana, wuta kuma ba tabbas, sai Baba ya riƙa cire batirin Hajiya yana jona wa 'yar talabijin ɗinmu mai baƙi da fari a tsakar gida. Da batirin motar nan rabin layinmu suka ga Yekini ya riƙe raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya, da shi muka ga Ajantina ta ci mu 2-1 a wasan da ya zama na ƙarshe ga Maradona a gasar duniya, da shi kuma muka ga Baggio na Italiya ya farke mana ana saura minti biyu a tashi, ya ƙara ta biyu a ƙarin lokaci. Daren nan har Inna, wadda ba ta san gola da alƙalin wasa ba, sai da ta yi tagumi. Batirin da dama ba shi da lafiya, wannan wata ya ƙarasa shi.

Da aka yi dogon hutu, wani ɗan kasuwa a unguwarmu ya sayi kofi ya sa wa yara 'yan ƙasa da shekara 15. A filin wata firamare ake bugawa. Turaku biyu da igiya a sama su ne raga, layin fili kuma da toka ake zana shi. Filin Giginya, babban filin wasa na garin, a lokacin sai dai mu leƙa ta ƙofa mu yi mafarki. Kowa a cikinmu ya ɗauki suna: ga Yekini, ga Finidi, ga Amokachi har guda biyu, don shi ɗan Kaduna ne muna ganinsa namu. Ni ina buga gaba ta hagu, ina da shekara 13.

Muka kai wasan ƙarshe da wasu yara daga Kware. Wani malaminsu ne ya kawo su a bayan a-kori-kura. Yawancinsu ba takalmi. Golansu wani dogo ne siriri, ya sa safar ƙafa a hannu a madadin safar gola, 'yan kallo suna ta yi masa dariya. Kafin a je hutun rabin lokaci dariyar ta tsaya, don ya kaɗe mana ƙwallo uku da kowa ya riga ya ɗaga hannu. Aka yi ta fafatawa, ɗaya da ɗaya, har rana ta yi sanyi. Saura kaɗan a tashi muka samu kwana. Ƙwallon ta taso ta wuce kaina da kamar taƙi guda, ni kuma na dunƙule hannun hagu na taɓa ta, ta shige ta gefen turke.

Golan ya yi tsalle yana ihu, "Da hannu yac ci! Wallahi da hannu yac ci!" Alƙalin wasa, wani saurayi ne mai gaskiya, cunkoso ya tare masa gani. Ya zo har gabana, usur a hannu, ya ce, "Kai ko hannu?" Na ɗaga yatsa na nuna goshina. Ya hura usur ya nuna tsakiyar fili.

Taɓa ƙwallon da hannu abu ne na ƙiftawar ido, ban shirya shi ba. Nuna goshin nan kuwa da saninsa na yi. Shekara talatin ke nan, kuma shi ne abin da ke dawo mini. Da na juya, sai ga Baba zaune a kan bonet ɗin Hajiya, daidai bayan ragar, inda ba abin da zai ɓuya masa. Bai ɗaga murya ba, bai girgiza kai ba. Kallona kawai ya yi, sannan ya sunkuya yana gyara takalminsa.

Aka tashi 2-1. Abokaina suka ɗaga ni sama, waɗanda suka ga abin da ya faru suna ta kiran "Maradona! Maradona!" Aka ba kyaftin ɗinmu kofi, aka zaga fili da shi.

Lokacin ana tsakiyar yajin aikin ma'aikatan mai da aka fara a watan Yuli, mai ya yi wuyar da ban taɓa gani ba. Motoci kan kwana biyu a layi. Direban da ya kawo yaran Kware ya tafi neman mai tun azahar bai dawo ba. Fili ya watse, ya rage su kaɗai zaune a gindin dogon yaro, sun yi jugum, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. A tankin Hajiya akwai galan biyu da Baba ya saya da tsada wurin 'yan bumburutu, don washegari Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, kuma a nan yake samun abincin mako. Ya je ya yi magana da malaminsu. Sai na ji ya ce, "Ɗiyan mutane ba su kwana waje ina da mota. Ku shigo."

Yara goma sha uku da malaminsu suka shiga motar da aka yi don mutum bakwai ko takwas. Wasu a cinyar wasu, biyu a but a kan ɗaurin fata. Ni ina shirin bin abokaina zuwa gidan kyaftin inda za a yi shagali, sai Baba ya kira ni. "Kai ma shiga. Can baya." Gurbin da ya rage a kujerar ƙarshe kusa da golan ne. Kafaɗata tana gugar tasa, ina jin numfashinsa. Ya cire safar daga hannunsa ya ninke ta a kan gwiwa, bai dube ni ba. Daga filin har muka fita gari ba wanda ya ce uffan, sai Baba da malamin suna hirar damina da tsadar taki.

Mun ƙetare gadar gulbi da kaɗan sai ga garken shanu yana tsallaka titi. Baba ya taka burki, Hajiya ta yi shiru. Ya murɗa makulli, ko tari. Hanya shimfiɗaɗɗiya, ba gangara ko ta misali, gero ya yi tsawo dama da hagu, kwaɗi sun fara kuka daga fadama. Baba ya dubi yamma ya ce, "Hajiya ta ce a yi magariba." Aka fiddo jarkar lagireto da buta, muka yi alwala ɗaya bayan ɗaya, ana tsimin ruwa. Ya shimfiɗa tabarma ya ja mu salla a bakin hanya. A sahu ma kusa da golan na faɗa, ƙafata da takalmin roba a gefe, tasa duk ƙura da tsagar ƙaya.

Da aka sallame Baba ya shiga ya kama sitiyari, mu kuma muka jeru a baya. Ana shirin turawa sai golan ya ɗaga murya, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "Malam, a sa wanga tsakiya. Hannunai na da ƙarhi, mun gani yau."

Dariya ta fashe. Yaran da suka yi awa guda ba su ɗaga kai ba suka riƙa riƙe ciki, malaminsu ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, har Baba na ji yana dariya a cikin mota. Ni kuwa wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Da zagina ya yi, da na rama. Da dukana ya yi, da mun yi dambe an raba mu, na koma gida da kofina. Amma ya ba kowa dariya, ya kuma bar mini ƙofa a buɗe. Hawaye suka zubo mini, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Da hannu nac ci ta. Ƙarya niy yi ma alƙali."

Aka yi tsit. Malamin ya dafa kaina ya ce, "Mun sani, ɗana." Baba ya leƙo ta taga, ya dube ni, ya ce, "To, tura da shi."

Muka tura. Sau uku tana tari tana mutuwa, a na huɗu ta kama, muka bi ta a guje muna shiga tana tafiya, don ba wanda ya yarda a sake tsayawa. Daga nan har Kware motar ta cika da surutu. Aka miƙo mini mariƙin gilashi. Golan ya tambaye ni yadda ake buga ƙwallo da bayan ƙafa ta lanƙwasa, ni kuma na tambaye shi yadda yake gane inda mutum zai buga. Ya ce ƙugu yake kallo, ido yana ƙarya amma ƙugu ba ya yi.

Iyayensu suna tsaye bakin hanya da fitilu, hankali a tashe. Baba bai kashe mota ba ko da ana gaisawa. Mahaifin golan ya yi ta godiya, ya so ya biya kuɗin mai Baba ya ƙi, sai ya shiga gida ya fito da jan zakara, ƙafafu a ɗaure, ya ajiye mini a cinya. Haka muka juyo, ni da Baba da zakara, fitilar mota guda ɗaya ke ci, ruwa ya tsuge, abin share gilashi yana aiki a gefen direba kawai.

Mun yi nisa kafin ya yi magana. Ya ce a sana'arsu, in mahauci ya yi gaggawa wuƙa ta huda fata, ana iya cusa ta tsakiyar ɗauri a sayar da kuɗin lafiyayya, mai saye ba zai gani ba sai ta isa Kano. Ya ce tun yana yaro ubangidansa ya hana shi, ya ce masa mai saye bai san tana ciki ba, amma kai ka sani, kuma da saninka za ka kwana. Daga nan ya tambaye ni, "Mi za ka yi da kofin ga?" Na ce ba nawa ba ne ni kaɗai. Ya ce, "Awo. Shi ya sa za shi yi wuya." Bai ƙara ba. Washegari bai je Illela ba, man ya ƙare, kuma mako ɗin nan tuwo da miyar kuka tsura muka ci, ban da ranar da aka yanka zakaran.

Na je wurin kocinmu, muka je wurin mai kofi tare. Abin da ya biyo baya ya fi turin mota nauyi. Kyaftin ɗinmu ya ce Maradona ya ci Ingila da hannu a 1986 kuma ba wanda ya karɓe wa Ajantina kofi, ya ce hukuncin alƙali shi ne ƙarshe. A dokar ƙwallo gaskiyarsa ce, har yau ban ce ya yi kuskure ba. Yaran nan sun yi wata guda suna gudu da safe, wasu sun sha duka a gida kan ƙwallo, ga shi mutum ɗaya zai kwance musu. Ɗan kasuwar ya saurari kowa, ya ce tun da wanda ya ci da bakinsa ya faɗa, a sake wasa bayan mako biyu, kuma a Kware, don su ma su huta da neman mota.

Hajiya ce ta kai mu, kofin yana but a kan fatu. Suka ci mu 2-0. Mun samu fanareti, ni na buga, golan ya kalli ƙuguna ya faɗi daidai inda na aika ta. Da aka tashi ya ratso fili ya rungume ni, ya cire safar hannunsa guda ya ba ni. Mutanen garin suka kawo mana fura da nono da gasasshiyar masara, suka raka mu har bakin mota, su ne ma suka tura ta. A hanyar dawowa ba wanda ya yi mini magana. Kusan wata biyu ba a ba ni ƙwallo a fili ko ina tsaye ni kaɗai, aka sauya mini suna daga Maradona zuwa Liman. Ya yi mini ciwo ƙwarai, na yi kuka a ɗakin Inna ba sau ɗaya ba. Baba bai sa baki ba, sai dai duk ranar da muke atisaye zan hango Hajiya a bayan raga, shi yana zaune a bonet.

Yanzu ni ma ina koyar da yara ƙwallo ranar Asabar a unguwar Mabera, kuma abin da ke damuna yawanci ba daga yaran yake fitowa ba. Na ga uba ya rage wa ɗansa shekara uku a takarda yana murmushi. Na ga manya masu gemu sun kewaye alƙalin wasa ɗan shekara ashirin suna neman dukansa kan gasar da kofinta bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Yaro yana tsaye yana kallon wannan, gobe a ce masa ya ji tsoron Allah. A wurina doka ɗaya ce ba ta da sassauci: in baƙi suka zo mana wasa, ko sun ci ko mun ci, ba yarona da zai bar fili sai ya ga sun sha ruwa sun hau mota.

Golan nan ya zama amini na, irin wanda iyaye ke sani. Ya yi yaron mota, ya yi direba, daga baya ya buɗe garejinsa. Shi ya riƙa duba Hajiya shekara da shekaru, bai taɓa karɓar ko kwabo daga hannun Baba ba, in an matsa masa sai ya ce kuɗin motar Kware yake biya. Ta daina tashi gaba ɗaya a 2006, shekarar da Sarkin Musulmi Maccido ya rasu a haɗarin jirgi, lokacin Baba ma ido ya yi rauni ya bar tuƙi. Ta zauna a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a kujerar ƙarshe. Ranar da Allah ya karɓi ran Baba, aminin nan nawa yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma.

Bayan an yi arba'in magada suka yanke a sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe. Babbar motarsu ba ta iya shigowa lungunmu, dole sai an kai ta bakin titi. Aminina ya zo daga Kware da 'ya'yansa biyu da famfon iska. Kafin mu gama hura tayoyi, maza sun fara fitowa daga gidaje, masu furfura da masu tumbi, duk yaran da suka taɓa gaida Hajiya da safe. Har tsohon kyaftin ɗinmu ya zo, ya naɗe hannun riga. Inna tana tsaye a zaure ta rufe baki da mayafi.

Aminina ya kwance tambarin zakin Fijo da ke gaban motar ya ba ni, ya shiga ciki ya lalubo mariƙin gilashi ya miƙa wa Inna. Ƙanena ya kama sitiyari. Na janye dutsen daga gindin taya, muka jeru a baya. Sai aminina ya dubi jama'a ya ce, "Ku matsa ma Liman tsakiya. Hannunai na da ƙarhi."

Na sa hannun hagu a inda fenti ya goge saboda tafukanmu, muka tura ta ta gangara.